Kiranyen manyan motoci kan lahanin sitiyari: yaya mai tirela a Damagaram zai san ko tasa na ciki?

“Assalamu alaikum. Ina da kan tirela guda biyu a nan Damagaram. Ɗaya na sayo ta hannu daga Turai, ƙirar 2015, ɗayar kuma sabuwa ce ta China. Ɗana ya nuna mini a intanet cewa kamfanoni kan kira motocinsu a mayar da su gyara saboda lahani a sitiyari, ya ce ma ya ga irin tawa a ciki. Direbana kuma yana ƙorafin sitiyarin ta Turan ya yi wasa, musamman tsakanin Tanut da Agadas. Shin wannan kiran ya shafe mu a nan? Yaya zan gane? In ajiye motar ne ko ta ci gaba da lodi?”

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abu biyu ka haɗa a tambayarka, kuma gara a raba su tun da wuri. Akwai lahanin da mota ta fito da shi daga masana'anta, shi ne ake yi wa kiranye. Akwai kuma cin da hanya da lodi da ƙura suke yi wa ƙarfe, wanda mai yiwuwa shi direbanka yake ji a hannunsa. Ci yana ba da sanarwa: wasa ya ƙaru, mota ta riƙa yawo a kan kwalta, tayar gaba ta riƙa cinyewa gefe guda. Lahanin masana'anta kuwa sau da yawa ba ya sallama. Mota tana iya kasancewa cikin kiranye sitiyarinta yana nan daram har ranar da zai rabu, wata kuma ba ta cikin kowane kiranye amma rotil ɗinta, wato gaɓa mai ƙwallo da ke bakin sandunan sitiyari, saura ƙiris ya fita. Don haka binciken takarda ba ya ɗauke maka binciken ƙarfe, haka nan na ƙarfe ba ya ɗauke na takarda.

Game da lodi, tunda direba ya riga ya yi magana, kada ta Turan ta sake ɗaukar kaya sai an duba ta. Dubawar da zan bayyana a ƙasa ba ta wuce awa biyu ga bakanike da yaronsa.

Mene ne kiranye, kuma wane irin lahani ake kira a kansa

Idan kamfani ya gano, ko hukumar ƙasa ta gano, cewa wani rukunin motoci ya fito da aibin da zai iya jawo haɗari, doka a ƙasashen da ake ƙera su tana tilasta masa ya sanar da hukuma, ya rubuta wa masu motocin, ya gyara kyauta. A Amurka hukumar NHTSA ce ke riƙe da wannan, kuma kamfani kwana biyar na aiki gare shi ya kai rahoto daga ranar da ya tabbatar da aibin. A Jamus hukumar KBA ce, a Ingila DVSA, Tarayyar Turai kuma tana da shafin Safety Gate inda ƙasashe ke zuba sanarwarsu. China ma tana da dokar kiranyen motoci da ta fara aiki a farkon 2013.

Kiranye ba garanti ba ne. Garanti yana ƙarewa da shekaru ko kilomita, kiranye kuwa yana bin motar ne ko hannu nawa ta sauya. Ba kuma daidai yake da ƴar takardar gyara da kamfani ke aika wa garejinsa a kan ƙananan matsaloli ba.

Misali biyu sun isa su nuna maka irin abin da ake magana a kai. A watan Maris na 2016 kamfanin Volvo na Arewacin Amurka ya kira kusan motoci 16,000 a Amurka kaɗai, samfurin VNL da VNM da VNX. Sandar da ke sauka daga sitiyari zuwa akwati, wato akwatin sitiyari da ke miƙa juyin zuwa tayoyi, gida biyu ce, kuma a wasu motocin an bar wani ɗan fil da ke riƙe mahaɗarta, ko bulon ɗin mahaɗar bai zauna yadda ya kamata ba. Sandar tana iya rabuwa mota na tafiya, direba ya juya sitiyari tayoyi ba su san yana yi ba, kamar linzami ya tsinke a hannun mahayi. Abin ya yi tsananin da hukumar manyan motocin Amurka, FMCSA, ta ce duk wadda aka tarar a hanya ba a gyara ta ba a ajiye ta nan take. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 kowace daƙiƙa, faɗin layinta kuwa kusan mita uku da rabi ne. Babu gwanintar direban da za ta cike wannan.

Na biyun ya fi kusa da halin da muke ciki. A 2022 kamfanin Sheppard, wanda akwatin sitiyari yake ƙerawa ba mota ba, ya sanar da aibi a akwatuna sama da 100,000. A cikin akwatin akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke zagayawa tsakanin dunƙulen zare da fistan, sai aka haɗa wasu akwatunan da ƙwallayen ba su cika adadi ba. Irin wannan akwati yana iya cijewa, sannan ya saki gaba ɗaya. Akwatunan sun shiga motocin kamfanoni da dama, cikinsu har da Kenworth da Peterbilt da International. Wato sunan da ke goshin mota ba shi ne kaɗai abin dubawa ba. Yawancin motocin Turai da ke hannunmu ma ba kamfanin motar ne ya ƙera akwatinsu ba. Da yawa ZF Servocom ne, wanda yanzu sunan Bosch yake ɗauke da shi.

Waɗannan biyun motocin kasuwar Amurka suka shafa, ba irin taka ba. Na kawo su ne don ka ga cewa kiranye yana bin rukunin da aka ƙera tsakanin wata rana da wata rana, a masana'anta kaza, da kayan da mai kawowa kaza ya kawo. Abin da ɗanka ya gani, wato sunan samfuri iri ɗaya da naka, bai isa hujja ba tukuna. Motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya, ɗaya tana ciki ɗaya ba ta ciki.

Dalilin da takardar ba za ta iso ka ba

Kamfani yana samun adireshin masu mota ne daga rajistar ƙasar da aka sayar da ita. Ranar da aka cire lambar motarka a Turai aka sa ta jirgi zuwa Kwatano ko Lome, ta fita daga wannan littafin. Kamfanin bai san ta ratso Yamai ko Maraɗi ta zo Damagaram ba, bai san sunanka ba. Masu duba lafiyar mota a nan kuma abin da idonsu ya gani suke dubawa, ba su da jerin kiranyen Jamus ko Faransa a gabansu. Wannan aiki ya dawo kanka.

Akwai lissafi guda da ke taimakawa sosai, kuma mutane ba su cika yin sa ba. Ka gwada ranar da kiranyen ya fito da ranar da motar ta bar Turai. Idan ya fito tana can tana aiki, musamman a hannun babban kamfanin sufuri mai kai motocinsa garejin wakili, akwai kyakkyawan zaton an gyara. A Jamus ma idan kiranye mai tsanani ne kuma mai mota ya ƙi amsa tunatarwa, hukuma tana iya hana motar hawa hanya. Amma idan kiranyen ya fito bayan an fitar da ita, ko lokacin da take jibge a filin dillali tana jiran mai saye, to ka ɗauka babu wanda ya taɓa ta. Zato dai zato ne, tabbaci yana wurin lambar shasi.

Lambar shasi

Haruffa da alƙaluma 17 ne. Babu harafin I da O da Q a cikinta, saboda kada su rikice da 1 da 0, don haka in ka ga wani abu kamar O to sifili ne. A tsohuwar takardar rajistar Turai tana layin da aka yi wa alamar E. Kada ka tsaya ga takarda kawai. Je ka ga wadda aka buga a jikin ƙarfen shasi, galibi ta hannun dama kusa da tayar gaba, a goge laka da giris a karanta ta da kyau, sannan a gwada da ƙaramin allon da ke bakin ƙofar kabin. In ukun ba su zo ɗaya ba, wadda ke jikin shasi ita ce ta motar. Muna ganin motocin da aka sauya musu kabin bayan haɗari, allon ƙofa yana faɗin wata mota dabam.

Haruffa ukun farko suna faɗin wanda ya ƙera. WDB na Mercedes ne, WMA na MAN, XLR na DAF, VF6 na Renault, YV2 na Volvo, YS2 na Scania, LZZ kuma na Sinotruk masu Howo. A motocin Amurka da na China harafi na goma yana nuna shekara, F 2015 ke nan, G 2016. Motocin Turai ba dole ba ne su bi wannan, saboda haka kada wani ya karanta maka shekara daga nan ya ce ya gama.

Da lambar a hannu, ɗanka zai iya fara bincike da waya. Shafin NHTSA yana karɓar lambar shasi kai tsaye, amma na motocin da aka sayar a Amurka ne kawai. In ka sa lambar motar Turai ya ce babu komai, ba wanke ta ya yi ba, bai san ta ba ne. Shafin KBA da Safety Gate suna nuna samfuri, da tsakanin ranakun da aka ƙera waɗanda abin ya shafa, da bayanin aibin, da lambar kiranyen. Ɗanka ya rubuto lambar kiranyen da ranakun. A lura, ranar ƙira ake nufi, ba ranar da aka fara yi wa motar rajista ba, kuma tsakaninsu yakan kai watanni.

Amsa ta ƙarshe tana cikin kwamfutar kamfanin. Duk garejin da yake wakilin kamfanin na gaskiya, a Yamai yake ko Kano ko Legas ko Lome, idan ya sa lambar shasi zai ga kiranyen da aka rufe da wanda yake buɗe a kan motar. In babu wakili kusa, a rubuta wa sashen kula da abokan ciniki na kamfanin, da Faransanci ko Ingilishi, a haɗa da hoton lambar da ke jikin shasi da hoton kilomita. Abin da za a tambaya a taƙaice: akwai kiranyen da bai rufu ba a kan wannan lamba, wane ƙarfe ya shafa da lambarsa, kuma an yarda motar ta yi tafiya kafin gyara ko a'a. A nemi amsar a rubuce.

Maganar kyauta kuwa, kada in sa maka rai fiye da kima. Dokar da ta tilasta gyara kyauta ta ƙasar da aka sayar da motar ce. A Amurka ma iyakarta shekara 15 daga sayarwar farko. Motar da ta bar kasuwarta ta asali, abin ya rage ga kamfani da wakilinsa. Wani lokaci su ba da kayan kyauta ka biya aiki, wani lokaci su ce sai an kawo motar garejinsu. Ko ba su ba da komai ba, sanin ainihin ƙarfen da ke da aibi da lambar wanda ya maye gurbinsa ya biya wahalar. Wanda duk ya turo maka saƙo ta WhatsApp yana neman kuɗin rajistar kiranye, ɗan damfara ne.

Saura abu guda da lambar shasi ba za ta faɗa maka ba. Motar da ta yi shekaru a hannu biyu ko uku, ba lalle akwatin da ta fito da shi ne a jikinta ba. Kayan gwanjo suna zuwa daga motocin da aka farfasa, kuma akwatin da aka kira ba a gyara ba yana iya biyo kwantena ya shiga motar da ba ta da laifi. A jikin kowane akwati akwai ɗan allo mai lambar samfuri da lambar ƙira. A goge shi a ɗauki hotonsa tare da na shasi.

Yadda za a duba ta a gareji

A sami wuri mai ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tauri, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyin baya waigi. Tayoyin gaba su kasance a ƙasa suna kallon gaba sak, domin nauyin motar ne ke fito da wasan. In an ɗaga ta, rabin abin da ake nema ɓuya yake yi.

A fara da awon wasa, inji yana aiki. A ɗaura ɗan tef a bakin sitiyari. Direba ya juya a hankali zuwa hagu har mai kallon taya ya ga ta fara motsi, a yi alama, ya komo dama har ta sake motsi, a auna tsakanin. Ƙa'idar duba motoci ta Turai ta ce kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na faɗin sitiyarin. Mai faɗin santimita 45 ke nan iyakarsa santimita 9. Ta Amurka ta fi sassauci, tana barin kusan santimita 13 ga sitiyarin hidrolik mai faɗin santimita 50. Waɗannan iyakar hana mota tafiya ne, ba alamar lafiya ba. A ganina motar da ke bin hanyar Agadas da kaya, in ta kai rabin wannan ma a nemo inda wasan yake.

Daga nan a bi shi gaɓa gaɓa daga sama, yaro yana kaɗa sitiyari hagu da dama da ɗan ƙarfi ba tsayawa. Farko sandar da ke sauka daga kabin da kardan ɗinta, wato gaɓar da ke barin ta ta juya ko da ta karkace. A nan ne irin aibin Volvo ɗin can yake, kuma nan ne aka fi mantawa saboda roba ta rufe shi. A kowane bakin kardan akwai bulon mai matse shi a kan haƙoran sanda. Sandar tana da wani kwarmi da aka yanka mata, kuma dole bulon ya ratsa ta cikin kwarmin nan, ta yadda ko ya saki sandar ba za ta zare ba. In aka tura kardan bai kai ba aka ɗaure, zai matse, zai yi aiki wata da watanni, ranar da ya saki sai ya fice. Duk motar da aka taɓa cire mata akwati ko aka sauya kabin, a kwance wannan a gani da ido. A kuma duba inda sandar ke shiga cikin ƴar'uwarta tana zamewa lokacin da ake kifa kabin, kada ya cije, kada ya yi kwalkwal.

Sai akwatin kansa. A kalle shi yayin da ake kaɗa sitiyari. In yana motsi a jikin shasi ko da kaɗan, bulonansa sun saki. Jan tsatsa mai kama da gari da ke zubowa daga ƙarƙashin kan bulon, ko siririn layin tsatsa a jikin shasi kusa da ramukan, alamar motsi ne ko tsagewa. Hannun da ke fitowa daga akwati yana zaune a kan haƙora, da alamar da dole ta yi daidai da ta sandar akwatin, kuma babban notinsa yana da abin kulle shi. Wannan hannun bai kamata ya yi motsin kansa ba ko na gashi ɗaya.

Rotil guda huɗu ne a mota mai aksil ɗaya a gaba: biyu a sandar da ta taso daga hannun akwati zuwa taya, biyu a doguwar sandar da ta haɗa tayoyin biyu. A dafa kowanne da tafin hannu, a kiyaye yatsu daga inda za su matse. Juyawa aikinsa ne. Tsalle sama da ƙasa ko ƙwanƙwasa shi ne ciwo. Masu duba motoci a hanyoyin Amurka suna ajiye mota in motsin ya wuce milimita 3 da ƙarfin hannu kawai, littafin kamfanoni da yawa kuma ya fi haka tsanani. Robar da ta yage daidai take da rotil da ya mutu, sai dai kwanansa bai cika ba, domin yashinmu in ya shiga ya gauraya da giris, niƙa ƙwallon yake yi. A duba notin kowanne da gupil ɗinsa, wato ɗan fil ɗin da ke hana noti kwancewa. Ƙusa ko waya a madadin gupil ba gyara ba ne. A duba maƙallan da ke matse bakin sandunan, da zaren da ke ciki, don can ma yana cinyewa har bakin ya zare.

Bayan wannan sai a ɗaga gaban a sa ta kan turaku masu ƙarfi, ba a kan jak kaɗai ba. A sa dogon ƙarfe ƙarƙashin taya a ɗaga, a kuma kama ta sama da ƙasa a girgiza. In akwai motsi, direba ya taka birki a sake. In motsin ya ɓace, rulma ce, wato boris ɗin taya. In yana nan, kinfin ne, wato babban fil ɗin da tayar gaba ke juyawa a kansa. Tana nan a ɗage, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali, sau biyu ko uku. Ya tafi sumul. Duk inda ya ɗan cije ya saki, ko aka ji kamar ana taka tsakuwa, a tsaya. In an cire kardan an ga ba shi ba ne, to cikin akwati ne, kuma wannan akwatin ba ya komawa hanya.

Man sitiyari yana ba da labarin abin da ido ba ya gani. A ɗiga shi a farar takarda a rana. Mai kumfa, iska yake sha ta tiyon da ke zuwa famfo. Baƙi mai ƙauri, ya sha zafi, galibi saboda direba yana danne sitiyari a ƙarshensa yana riƙewa, ko an sa man da ba nasa ba. Mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, famfo ko akwati yana cin kansa. A cikin tankin akwai tace da ake sauyawa, da yawa ba su san da ita ba. Matsin man nan yana haura bar 150, don haka tiyon da ya kumbura ko yake gogar shasi a sauya shi, kuma kada kowa ya nemi yoyo da tafin hannu.

Kafin a rufe, a duba bulonan da suka ɗaure sifirin da aksil, da iskar tayoyin gaba. Wani lokaci abin da direba ke kira wasan sitiyari aksil ne yake zamewa a ƙarƙashin sifirin.

Abin da na fi gani, da abin da ba a yi

Ban ga motarka ba, don haka ba zan yanke mata hukunci daga nan ba. Amma a motocin da ke bin hanyar arewa, ko masu ɗaukar mai daga matatar SORAZ, mafi yawan wasan da muke samu daga rotil da kinfin yake, sai kardan. Sababinsa ramuka da ƙura da nauyi. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, mai lamba 14 ta 2005 tan 6 ta ba aksil ɗin gaba. Idan aka tura kaya gaba, ko aka ɗora tankin mai na ƙari a bayan kabin, nauyin a kan kinfin da rotil yake sauka, famfo kuma ya riƙa aiki a ƙarshen ƙarfinsa. Wannan ba laifin masana'anta ba ne, babu kamfanin da zai biya shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ji wasa a tafi kai tsaye ga dunƙulen saiti da ke jikin akwati a ɗaure. Wasan zai ragu a hannu, rotil ɗin da ya mutu yana nan yadda yake, akwatin kuma ya fara cijewa a tsakiya, sitiyari ya daina komowa da kansa bayan kwana. Saitin akwati shi ne na ƙarshe, bayan an tabbatar duk sauran lafiya lau, kuma ana yin sa ne akwatin yana tsakiyarsa, an cire sandar da ke zuwa taya.

Walda kuwa babu ita a sitiyari, ko ta wane gwani. Hannun akwati da sanduna da hannun da ke jikin taya ƙarfe ne da aka ƙera aka gasa shi zuwa wani tauri na musamman. Wuta tana warware wannan gashin, gefen waldar ya yi gautsi, ya tsage daga ciki inda ba a gani. Haka miƙe sandar da ta lanƙwashe da wutar gas. Wadda ta lanƙwashe a sauya ta. Haka nan bugun bakin rotil da guduma don ya matse. Wannan ya sa nake ce wa duk mai sayen motar da aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu, irin waɗanda ke fitowa daga Ingila, ya sa a kifa kabin ya ga yadda aka yi aikin. In da kayan asali na hannun hagu aka yi, da sauƙi. In yanka da walda aka yi wa sanda, ko aka huda shasi aka rataya akwati a kan faranti, to amsar kamfani a kan lambar shasi ba ta da sauran amfani ga wannan sitiyarin, don ba shi suka ƙera ba.

Ya kamata direbanka ya san bambancin abu biyu. In bel ya tsinke ko mai ya zube, sitiyari zai yi nauyi ƙwarai amma yana nan a haɗe. Ya riƙe da hannu biyu, ya rage gudu a hankali, ya sauka gefe. In kuwa ya ji sitiyari ya yi sakayau yana juyawa banza, ya ɗaga ƙafa daga totur ya taka birki daidai wa daida, kada ya daka shi lokaci guda. Wanda ya ji sitiyari ya cije sau ɗaya ya saki, kada ya ce bari in lallaɓa zuwa gari.

Sabuwar ta China

Ita lamarinta ya fi sauƙi, in dai ta hannun wakili ka saye ta. Ka tabbatar sunanka da lambar wayarka suna cikin littafinsa tare da lambar shasi, domin ta nan ne kawai sanarwa za ta same ka. Sabuwar mota tana bukatar a sake bin bulonan akwati da na sifirin da na kardan da sifana mai awo a sabis ɗin farko. Adadin ɗaurin ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, a ɗauko shi daga littafin motar, kada a yi da ka. Bayan an ɗaure a ja layin fenti daga kan noti zuwa jikin ƙarfe, ta yadda yaron mota zai gane da ido kowace safiya in ya juya.

In wani ƙarfen sitiyari ya karye a motar da ba ta daɗe ba, kada a jefar da shi, kada a goge bakin karayar, kada a gwada haɗa gutsattsarin. A ɗauki hoto, a naɗe kowane gutsure dabam. Bakin yana nuna yadda abin ya faru: sashe mai santsi da layuka kamar zobba, wani lokaci da tsatsa, tsaga ce da ta daɗe tana ci, sashe mai ƙyalli da kaushi kuma shi ne inda ya ƙarasa karyewa lokaci guda. A kai wa wakili da takarda mai kwanan wata da kilomita, ka riƙe kwafi. Irin waɗannan rahotanni ne kamfani ke tarawa har ya gane rukuni guda yana da aibi.

Idan amsar kamfani ta zo cewa ta Turan tana cikin kiranyen da aka hana tafiya, ba a tuƙa ta zuwa gareji ko da babu kaya. Ko kayan gyaran su zo inda take, ko a ɗora ta a kan wata motar, ko a ja ta an ɗaga gabanta an kuma cire sandar da ke kai ƙarfi baya don kada giya ta ƙone. Bayan kowane aiki a sitiyari, noti mai kulle kansa da gupil sababbi ake sawa, a fitar da iska daga mai ta hanyar juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe gaba yana ɗage, a saita tayoyin gaba, a tabbatar adadin juyin hagu da na dama daga tsakiya sun zo daidai. Sannan ta yi ƴar gajeriyar tafiya ba kaya, a dawo a sake duba layukan fentin da matakin mai kafin a ba ta lodi.